Tagwaye Sun Fara Girma Kowa Yana Ja Gefensa: Tambayoyin Da Iyaye Suka Fi Yi Min

Ni Hussaina ce, a Makka aka haife mu ni da Hassanata, can wajen titin Mansur muka tashi, kuma irin masu kamar nan ne da har goggonmu sai ta kamo haɓata ta duba wani ɗan tabo kafin ta kira suna. Yanzu mun haura 40. Yayarmu ma Allah ya ba ta nata 'yan biyun, mace da namiji, suna ajin ƙarshe na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare. Toh shi ya sa duk matar da ta haifi tagwaye a dangi ko a unguwa, da sun fara tasawa sun fara ba ta ciwon kai ni ake turo wa, a gidan biki ne ko a WhatsApp ko bayan an idar da tarawihi. Tambayoyin kusan su ne dai kullum, sai na ce bari in tara su wuri guda.

Anti, yaran nan da ko banɗaki tare suke shiga, yanzu sun kai 13 ɗayar ta ce ita a daina haɗa ta da 'yar uwarta. Ko baki ne ya kama su?

Ba baki ba ne 'yar uwa, girma ne. Ki yi musu addu'a kamar kullum amma ki kwantar da hankalinki. Duk yaron da ya kai shekarun nan sai ya fara ja baya da iyayensa, ya fara rufe ƙofa, ya fara cewa ni ba haka nake so ba, yana neman ya san shi waye in an cire Umma da Abba. Ɗan tagwaye aiki biyu ne a kansa, ya ja baya da iyaye sannan ya ja baya da wanda suka kwana ciki ɗaya, kuma na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba, don uwa dai fuskarta daban shekarunta daban, amma wannan da kin ɗago ido fuskarki kike gani tana kallonki.

Ni a 14 na yi nawa haukan. Na canja rubutuna da gangan, na daina shan shayi da madara alhali ina so, na ce a ƙwallo ni 'yar Wahda ce don kawai Hassana ta ce Ittihad take so, wlh ko ɗan wasa ɗaya ban sani ba a lokacin. Ba tsanarta na yi ba, so nake in samu abu ko guda ɗaya da za a ce wannan na Hussaina ne.

Akwai wani masanin halayyar ɗan adam Bafaranshe, René Zazzo, da ya daɗe yana nazarin tagwaye, ya lura cewa zaman taren kansa shi ke sa su raba aiki, ɗaya ya zama mai magana da baƙi ɗaya mai shiru, ɗaya mai yanke shawara ɗaya mai bi. Toh in balaga ta zo sau da yawa mai shirun nan ce take fara tawaye, ta gaji da a riƙa amsa mata tambaya.

Abin da zan ja kunnenki a kai, da wuya su shirya a lokaci ɗaya. Ɗaya ce take fara ja, ɗayar kuma ta tsaya tana kallo kamar an yi mata saki. Iyaye sai su tattara hankali kan mai jan, ana ta faɗa da ita, a manta da wadda aka bari a ɗaki tana kuka a ɓoye. Ita ce ta fi bukatarki a watannin nan.

Kaya iri ɗaya fa, sai yaushe za a daina?

Ranar da ɗaya ya ce baya so. Kuma kar ki tambaye su a tare, don mai bakin ce za ta amsa ɗayar ta gyaɗa kai. Ja kowacce gefe.

Ki duba fa, a nan ƙasar dama abin da ya rage musu na bambanci kaɗan ne. A madarasa maryul, wato yunifom ɗin mata, iri ɗaya, a waje abaya, mazan kuma farin tob kowa da kowa. Sai jaka da takalmi da murfin jawwal (wayar hannu) da kayan Sallah, in kika ce waɗannan ma sai anko to ina za su sa kansu? Na san daɗin da uwa take ji in ta fito da su ranar Idi kowa yana masha Allah, amma hoton nan naki ne, ba nasu ba.

Ai an ce dole a yi wa tagwaye komai iri ɗaya, in ba haka ba an shiga haƙƙinsu.

Abu biyu ne aka cakuɗa a nan. Akwai adalci, wannan addini ne, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir yana cikin Bukhari da Muslim, babansa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. Kuma 'ya'ya aka ce duka, ba tagwaye kawai ba. In idiyya ce, wato goron Sallah, riyal 100 ga wannan to riyal 100 ga wancan, ba gardama. Amma in ɗaya ya ce takalmin ƙwallo yake so ɗaya ya ce littafi, kika sayo takalmi biyu don kar a ce kin bambanta, ai kin ba ɗaya abin da yake so ɗayan kin ba shi abin da ɗan uwansa yake so. Ina adalcin?

Sai kuma camfin da kakanninmu suka taho da shi daga ƙasar Hausa. Kakarmu Allah ya jiƙanta har ta rasu ta yarda cewa in aka ɓata wa tagwaye rai kuɗin mutum zai iya ɓacewa, tukunya ta ƙi tafasa, kuma wai kunama ba ta harbinmu. Dan Allah kar yaron kowa ya gwada, kunamar Makka ba ta ji wannan labarin ba. Muna yara mun ci ribar camfin sosai don tsoron hana mu abu ake yi, amma da muka girma sai na gane tsoron nan shi ya sa ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ni ni kaɗai me nake so, ana dai saya biyu a huta.

Amma masu kama ɗaya ai a halitta kusan mutum ɗaya ne ko?

Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙwai ɗaya ne ya rabe biyu tun farkon ciki, su ne masu kama sak kuma jinsinsu ɗaya, irinmu kenan, kuma wannan kusan ko'ina a duniya yawansa ɗaya, wajen 3 zuwa 4 a cikin haihuwa 1000. Sai waɗanda ƙwai biyu ne daban, ciki kawai suka haɗa, kamarsu ba ta wuce ta wa da ƙani ba. Wannan na biyun shi ke bin jinin mace a dangi, kuma yankin Afirka ta Yamma yana sahun gaba a duniya wajen haihuwarsu, kin ga ba abin mamaki ba ne yadda Hassan da Hussaini suka yi yawa a gidajenmu ko da a Hindawiyya aka haife su. Wani bincike da ya fito a 2021 ya ce duk yaro 42 da aka haifa a duniya yanzu ɗaya ɗan tagwaye ne.

Su masu kamar ma ba ɗaya ba ne. Zanen yatsunsu daban, don yana samuwa ne gwargwadon yadda kowa ya kwanta ya motsa a ciki. A 2021 ɗin dai masu bincike a ƙasar Aisland suka gano cewa tun a farkon halitta ana samun 'yan bambance-bambance a ƙwayoyin gadonsu, wajen guda 5 in an daidaita. Kafin nan a 2005 an yi wani a Sifaniya, aka gwada tagwaye 'yan shekara 3 da 'yan shekara 50, ƙananan kusan ba a rabe yadda jikinsu ke aiki da ƙwayoyin gadon, manyan kuwa sun yi nisa da juna, musamman waɗanda suka daɗe ba sa zaune wuri ɗaya. Ya'ni kullum aka ƙara shekara ƙara zama mutum biyu ake yi.

Ba ina cewa gado ba shi da ƙarfi ba ne. Binciken da aka fara a Minesota ta Amurka a 1979 kan tagwayen da aka raba tun suna jarirai ya nuna ko ba su taɓa haɗuwa ba sai ka ga hali da ɗabi'a sun zo kusa. Toh ni abin da na ɗauka a nan, kamar ba inda za ta je, ba sai kin tsare ta da anko ba. A Fabrairun 2024 da likitoci a Riyad suka raba wasu yara mata 'yan Kano da aka haifa a manne, har kuka mata suka yi a gidajenmu don murna, ni kuwa na zauna ina tunanin namu da Allah ya raba tun a ciki mu kuma muke ta ƙoƙarin manne su.

Wai waye babba a cikinsu?

A al'adarmu wanda ya fara fitowa shi ne Hassan, shi ake ba girman. Yarbawa kuma akasin haka suke gani, wai Kehinde da ya zo daga baya shi ne babba, shi ya aiki Taiwo ya je ya ɗanɗano duniya. Kuma mutane da yawa ba su san Hassan da Hussaini jikokin Annabi (SAW) ba tagwaye ba ne, shekara ta 3 bayan hijira aka haifi ɗaya, ɗayan a ta 4.

Minti 20 ne tsakanina da Hassana. A kan minti 20 ɗin nan ta sha "ke ce babba ki haƙura" har ta yi aure, ni kuma na sha "bi yayarki". In aiki aka yi wa uwa aka ciro su ma tazarar ba ta wuce minti ɗaya ko biyu ba. Girmamawa ba laifi, amma kar a ɗora wa yarinya 'yar 13 riƙon sa'arta.

Sannan dan Allah a riƙa kiran kowa da sunansa. Ba "tagwaye ku zo" ba, ba "ya tau'am" ba, ba Hassana-da-Hussaina a numfashi ɗaya kamar sunan shago ba. In laifi ne a nemo wanda ya yi.

Malama, ni uba ne. Mudir, shugaban makarantarsu, ya ce zai raba min su aji, uwarsu ta ce a'a. Wanne ya fi?

Abban tagwaye, shekarunsu nawa? A nan maganar take. Wani bincike a Ingila a 2004 ya ga cewa waɗanda aka raba tun suna shekara 5, musamman masu kama ɗaya, sun fi shiga damuwa da tsoro. Wani babba kuma a 2018 da ya duba tagwaye sama da 9000 a Ingila da Kanada bai ga wani bambancin kirki a sakamakon karatu ba, ko an raba ko an haɗa. Kenan ba wata doka guda da za ta hau kowa. In ƙanana ne a ibtida'i, wato firamare, kuma suna tsoro, a bar su tare. In sun shiga mutawassiɗ a tambaye su, kowa shi kaɗai, in ɗaya ya ce a raba to a gwada zango ɗaya a gani.

Inda na fi so ka sa ido shi ne sanawi, wato babbar sakandare. Tun 2021 da aka kawo tsarin masarat, wato ɓangarorin karatu, shekarar farko kowa tare, daga nan a zaɓa, akwai na gama-gari, na lafiya, na kwamfuta da injiniya, na kasuwanci, da na shari'a. A nan ne za ka ga yaro ya bi ɗan uwansa ɓangaren lafiya alhali jini ma baya iya kallo, don kawai bai taɓa shiga aji shi kaɗai ba. Ka ɗauki kowa shi kaɗai a mota, ku je ko Albaik ne ku zauna, ka tambaye shi in da ɗan uwanka ba ya nan me za ka zaɓa. Kar ka yi mamaki in ya yi shiru ya rasa amsa, wataƙila ba a taɓa tambayarsa ba.

Ɗaya ta fi ɗaya ƙoƙari a karatu, ya zan yi kar ɗayar ta karaya?

Ki daina karanta sakamakonsu a tare, ki hana dangi ma. Ranar da makin Ƙudurat ko Tahsili, jarrabawar shiga jami'a, ya fito wayar farko da za a bugo "nawa Hassana ta ci, Hussaina fa", ki ce alhamdulillah duk sun yi ƙoƙari ki canja magana.

Wani abin da iyaye ba sa lura, mai ƙoƙarin ma tana wahala. Na san yarinyar da take barin tambaya ba ta amsa ba da gangan don kar ta wuce 'yar uwarta da yawa. Kuma lakabin nan na "mai ƙwaƙwalwar" da "mai kyan" ko "mai haƙurin" da "masifaffiyar", da wasa ake farawa amma yaro sai ya shige cikinsa ya zauna shekara 30.

Ɗaya ta fara al'ada ɗayar shiru. Akwai matsala?

Yawanci babu. Mata suna fara alamun balaga tsakanin 8 da 13, maza 9 zuwa 14. Masu kama ɗaya sukan bi juna kusa, 'yan watanni, mu wata 5 ne a tsakani kuma wata 5 ɗin nan na ɗauka wani ciwo ne da ni. Marasa kama kuwa shekara guda ko fiye ba komai ba ne. In yarinya ta kai 15 ba ta gani ba sai a kai ta likita. Ki yi wa kowacce bayani ita kaɗai, kuma kar a mayar da abin hira a falo, balle da azumi da ɗaya za ta sha ɗaya tana yi kowa ya gane.

Mace da namiji kuwa nasu daban ne, a gidan Yaya na gani. Macen ta riga shi tsawo, ta yi hankali, shi yana nan da muryar yara ana tsokanarsa wai ƙanwarka ta fi ka. Sannan ga yadda rayuwar nan take, madarasa daban, shi masallaci da ƙwallo da abokai a bakin baƙala (shagon unguwa), ita ta sa abaya ta koma cikin mata. Raba shimfiɗa a shekara 10 umarni ne na hadisi kuma daidai ne, amma raba shimfiɗa aka ce ba raba zumunci ba, muharraminta ne har abada. Yaya sai ta mayar da shi shi ke raka ta maktaba (shagon littattafai) da gidan ƙawaye, a hanya suke hirarsu da ba wanda ya san me suke cewa.

An gayyaci ɗaya walima ba a gayyaci ɗayar ba, in hana ta zuwa?

A'a, ta tafi. Kuma kar ki buga waya ki roƙa a haɗa da ɗayar, ta fi jin ciwon zuwa a matsayin ƙari. Ki fita da wadda ta rage ku yi wani abu ku biyu. Wata rana ita za a gayyata.

Jawwal ɗaya ya ishe su ai?

In kuɗin ne babu toh babu, a yi haƙuri a raba lokaci. Amma in da hali kowa da nasa, kuma sa idon da za ki yi ke uwa ki yi shi da kanki, kar ki mayar da ɗaya ɗan leƙen asirin ɗaya, wannan yana kashe yarda tsakaninsu fiye da duk wani faɗa. Su sani kuma Face ID ba ya tsare masu kama ɗaya sosai, kamfanin Apple da kansa ya faɗa, gara lambar sirri.

Gaskiya ne suna musanya a jarrabawa?

Mun taɓa yi sau ɗaya a ajin lissafi, abla, malamarmu, ta gane mu don ni da hagu nake riƙe jaka, muka sha kunya a gaban ɗalibai. Yanzu zamani ya wuce nan, daga shekara 15 ɗan ƙasa dole ya yi hawiyyarsa, wato katin shaida, baƙo mai iƙama ma komai nasa da basma, wato zanen yatsa, yake tafiya, kuma basma tana rabe tagwaye. A gaya musu shiga jarrabawa ko asibiti da katin ɗan uwa laifi ne a hukuma ba wasan yara ba.

In ɗaya ya ji ciwo ɗayan yana ji a jikinsa?

Ba a taɓa tabbatar da haka ba a bincike. Sabo ne. Wadda kika kwana kika tashi da ita shekara 20, daga yadda ta ce salamu alaikum a waya kin san ko lafiya.

Gambo fa, tunda suka fara rigimarsu shi ma ya canja.

Allah sarki Gambo, sunansa ma na tagwayen ne, wanda ya biyo bayansu. Baƙo in ya shigo ina tagwaye yake cewa. Shi ma a ware masa lokacinsa, kuma in tagwayen sun ɓata kar a sa shi a tsakiya ya zaɓi ɓangare.

Yaushe abin ya wuce na girma, ya zama sai an nemi taimako?

In ɗaya ya daina cin abinci ko barci, ko ya ƙi zuwa madarasa sam sai da ɗan uwansa, ko ya janye daga kowa sama da sati 2, ko kika ga ɗaya yana juya ɗaya da tsoro da duka, ba irin faɗan da ake yi a shirya kafin magariba ba. In kuwa yaro ya fara maganar gara ya mutu, ranar za a tashi ba gobe ba. A fara da murshida ko murshid, mai ba ɗalibai shawara a madarasa, ko markaz sihhi, asibitin unguwa, ko a kira 937 na ma'aikatar lafiya. Addu'a da ruƙya a yi, likita ma a je, ba sa hana juna. Kuma in za a kai shi a kai shi shi kaɗai, kar ɗan uwan ya shiga ya amsa masa tambayoyi kamar yadda ya saba.

Anti, mai neman aure ya fito wa ɗaya, babansu ya ce sai dai a jira a haɗa su rana ɗaya.

Wannan ita ce tambayar da ta fi taɓa ni. Ki roƙi babansu da girman Allah kar ya tsayar da rabon ɗaya don ɗaya, kar kuma a tura ɗayar ta karɓi wanda ba ta so don kawai a cika hoto. Miji ɗaya dai ba zai haɗa su ba, Suratun Nisa'i aya ta 23 ta hana haɗa 'yan uwa mata biyu, kenan ko an daɗe ko an jima gida biyu za su.

Hassana ta riga ni aure da shekara 2, aka kai ta Jidda. Mata suka yi ta zuwa suna ce min saura ke, wasu har da kallon tausayi, ba wadda ta san abin da ke damuna ba auren ba ne, ban taɓa kwana a ɗaki ni kaɗai ba tunda aka haife ni. Daren farko fitila a kunne na bar ta har aka kira assalatu a Harami. Umma ce ta lura, ba ta ce komai ba, washegari ta kwashe katifar Hassana ta kai ɗakin baƙi, ta ce in gyara ɗakin yadda nake so. Na fi sati ina tsaye a tsakiyar ɗakin nan ban san ina nake son gadon ya kalla ba, daga baya na tura shi jikin taga, wurin da Hassana ta hana shekara da shekaru wai hasken safe yana damunta.